Mangwaron Ƙofar Gidan Tela

Duk layin sun san Tela ba ta ƙaunar mangwaron da ke ƙofar gidanta. Tun tana amarya take yaƙi da shi: ganye a tsakar gida, kashin tsuntsu a kan yadin mutanen da take wa ɗinki, jifa a kan kwano duk lokacin nunarsa. Mijinta, Direba, shi ya dasa shi, kuma duk sanda ta ce a sare sai ya ce, “Ki bari in mutu tukuna, sai ki huta da mu biyu.”

Shi ya sa mutane suka yi mamaki da babban ɗansu ya zo da mai gatari, zai gina shago a wurin, ta fito da almakashi a hannu ta tsaya jikin bishiyar.

“Inna, ba ke kike cewa a sare ba?”

“Da na ce. Yanzu tsuntsayen nake so.”

Ba tsuntsaye ba ne. Direba, wanda ya tsufa a kan sitiyari har yana iya faɗin kowace kwana da idonsa a rufe, ya fara mance hanyar gidansa. Gidajen layin duk ƙofa iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Kullum da hantsi yakan fita miƙe ƙafa, ya dawo yana duba ƙofofi kamar baƙo, sai ya ga mangwaron ya dafa shi, fuskarsa ta saki, ya shigo. Tela ta ja keken ɗinkinta bakin taga don ta riƙa ganin wannan. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta san ’ya’yanta: ranar da suka sani, ranar za su sa wa ƙofa kwaɗo don tausayi, shi kuma zaman ɗaki zai kashe shi kafin ciwon. Akwai kuma abin da ko ita ba ta cika son dubawa ba: in an san ya rikice, ita ma ta tashi daga matar gida ta koma mai jinya, kowa ya shigo da shawararsa.

Wata safiya ta ɗaga kai ta ga wata budurwa da hular rana tana zagaya gindin bishiyar da igiyar awo, sannan ta shafa mata jan fenti. A iya sanin Tela, duk abin da aka shafa wa jan fenti kwanansa ya ƙare. Ta fito ko ɗankwali ba ta gyara ba.

“Ke ’yar nan, wa ya aiko ki? Ɗana ne?”

“A’a, Mama, daga jami’a nake. Bincike muke kan zaman mutane da bishiyoyinsu: wa ya bari, wa ya sare, me ya sa.”

“Sai ki gama tambayar ki turo masu zarto.”

Budurwar ta yi dariya. “Ni da zan sha rana in babu ita? Fentin na gane waɗanda muke bi ne. Shekaru za mu yi muna dawowa, roƙo ma muke kada a taɓa su. Na riga na yi magana da ɗanki, ya ce tunda ’yan boko sun shiga ciki, shago ya koma ta baya.”

Tela ta zauna a kan tushen. Wato abin da ya ƙi ji daga bakin uwarsa ya ji daga bakin mai hula. Wata rana za ta yi wannan fushin, ba yau ba.

“To Mama, ke me ya sa kika bar ta?”

Kafin ta amsa, sai ga Direba daga kan kwana, yana tafe yana duban ƙofofi. Ya wuce ta farko, ya tsaya a ta biyu, ya ɗan yi jim. Can ya ɗaga kai ya ga ganye. Ya ƙaraso ya dafa gindin, ya dubi jan fentin a tafinsa.

“Wa ya yi wa tsohuwata kwalliya?”

“Kishiyata dai,” in ji Tela. “Shiga, ruwanka na kan tebur.”

Ya shige yana dariya. Budurwar ta bi shi da kallo, ta dawo da idonta kan Tela.

“Tsuntsaye,” Tela ta ce. “Ki ce ina son tsuntsaye.”

“Tsuntsaye,” in ji budurwar, ta rufe gwangwanin fentinta.

Tela ta koma ciki ta ɗauko tsintsiya. Ganye ya sake cika ƙofar, tana shara tana zagin bishiyar kamar kullum.