Zinariyar da Ɗayyabu ya karanta

Ɗayyabu malamin kimiyya ne a Talata Mafara, kuma har gobe yana cizon yatsa kan ranar da ya gaya wa 'yan gidansu cewa a kan zinariya ya yi karatu a ƙasar waje.

Ba ƙarya ya yi ba. Sai dai zinariyar tasa ido ba ya ganinta. 'Yan ƙwayoyin zarra ne a dunƙule, ana hura su cikin bututun ƙarfe da aka zuƙe wa iska, a dalle su da haske mai ƙarfi har lantarkin jikinsu ya fallatso, sannan a auna gudunsa. A gaban wannan bututu ƙuruciyarsa ta ƙare, ko ɗan kunne bai taɓa riƙewa ba.

To, wa zai tsaya jin wannan? Daga Maradun har Bakura, duk wanda ya tsinci dutse mai ƙyalli sai ya ƙulle a leda ya doso shi. Wurin suna, wurin ta'aziyya, har a sahun salla an taɓa zura masa dutse a aljihu. Ya yi bayani har ya gaji, abin ya ishe shi.

Da damina sai ga Baffa Sambo, ƙanen mahaifinsa, wanda ke noma gonarsu ta gado a Garbadu. Ita ke ciyar da gidan duka, ga dawa ta fara fid da kai. Bayan doguwar gaisuwa tsohon ya kwance nasa dutsen.

"Ɗana, cikin gona anka tsince shi. Akwai ko babu?"

"Baffa, don Allah ku bar gonag ga. Ba aikina ba ne."

"Kenan babu?"

Kalma ɗaya ta isa. Amma mutumin da aka horar kada ya yanke hukunci kan abin da bai auna ba, bakinsa ya ƙi.

"Ba ni iya cewa babu sai an auna."

Baffa ya yi murmushi, ya sa masa albarka.

Ranar Juma'a Ɗayyabu ya hau babur zuwa Garbadu. Ya tarar an sare dawar, gonar duk ramuka, samari sun yi buɗu-buɗu da jar ƙasa. Ransa ya ɓaci. Baffa ya kamo hannunsa, ya ɗaga wa masu haƙa.

"Ku gaishe shi! Shi na ɗan namu da yac ce akwai."