Yaron da ke Layin Ƙarshe

A shekarun da gubar dalma ta addabi ƙauyukan Anka, ni ne mai kwamfuta a wani ɗan ofishin lafiya. Ma'aikata su fita su ɗebi jinin yara, sakamako ya dawo, ni kuma in fitar da sunayen waɗanda gubar ta yi wa yawa, a tura mota ta ɗauko su a fara musu magani. Yaron da sunansa bai fito daga hannuna ba, babu mai zuwa nemansa.

Ina da girman kan wanda ya koyi abu shi kaɗai, don haka na ce ba zan zauna ina bin sunaye ɗaya-ɗaya kamar mai tsince shinkafa ba. Na rubuta 'yan umarni a baƙin allon nan da ake yi wa kwamfuta magana da rubutu zalla, na ce ta buɗe fayil ɗin kowane ƙauye, ta karanta layi-layi, ta ware masu haɗari.

Ranar farko ta ƙi. Duk umarnin da na ba ta sai ta ce ba ta san shi ba. Kwana uku ina zaginta, ina zargin janareto, ina zargin zafi. Ashe ni na jawo. Wurin da nake ajiye adireshin fayil na sa masa suna path, alhali da wannan sunan take riƙe jerin wuraren da take neman umarninta, sai nawa ya hau kan nata ya shafe shi. Na canza suna, komai ya tafi sumul, har na kira abokan aiki su zo su ga gwaninta. Ban ƙara duba komai ba.

Bayan wata biyu, ma'aikaciyar da ke shigar da sunaye ta dawo daga wani ƙauye ta tsaya a kaina.

"Malam, akwai wani yaro da jininai yay yi muni ƙwarai. Mi ya hana a ɗauko shi?"

Na ce mata in da ya yi muni da ya fito. Ta ce in buɗe. Na buɗe, ga shi nan a layin ƙarshe. Na ƙirga sunayen da yatsa, ƙirgata ta fi ta na'ura da ɗaya. Na buɗe fayil na gaba, haka. Na gaba ma haka.

Umarnin da ke karanta layi ba ya lissafa layin da ba a rufe shi da maɓallin sauka ƙasa ba. Ita kuwa ma'aikaciyar in ta rubuta sunan ƙarshe sai ta adana ta tashi, kuma ba laifinta ba ne. Abin da ya fi cin raina shi ne su wane ne ke zama a ƙarshe. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, kunya ce. Sai ma'aikaciyar ta tsallake shi, in ta gama da kowa ta tambayi maƙwabciya, ta ƙara shi a ƙasa. 'Ya'yan fari nake ta zubarwa, ina zaune a inuwa ana ce min gwani. A taro kuwa ina jin manya suna cewa matan ƙauye ne ba sa son asibiti, ina gyaɗa kai.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Har yau wannan mintin nake jin haushinsa.

Washegari na roƙa aka tafi da ni a motar. Muka sami yaron kwance a tabarma, ɗan shekara uku, ya daina tafiya, ya daina magana, idonsa ba ya bin hannu. Uwarsa ta shimfiɗa mana buhu, ta kawo ruwa. Na so ta zage ni. Na ce, "Inna, mi ya sa ba ku kawo shi ba da kunka ga ya canza?"

Ba ta ɗago kai ba.

"Malam, mun ga mota ta zo ta ɗauki ɗiyan maƙwabta. Da munka ji ba ku kira wanga ba, sai munka ce jininai ya yi kyau. Hal sadaka munka yi."