Dakta Amatullahi, Wadda Ta Mayar Mini Da Safiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 14 ga Oktoba, 1993, Allah Ya karɓi ran Dakta Amatullahi Lawal, likitar ƙaramin asibitin unguwarmu a Wuse, bayan gajeriyar jinya. Ɗana Hafizu ne ya kawo mini labarin da ya taso daga ofis. Amatullahi, ke da na ɗauka tamkar 'yata, har an kai ki makwanci ban sani ba.

Ba ni da dangi a Abuja sai Hafizu. Da gwamnati ta taso daga Legas aka kwaso ma'aikatarsu, sai ya kwaso ni tare da kujeru, don mahaifiyarsa ta rasu, ba wanda zai bar wa ni. Ni kuwa tsohon ma'aikacin waya ne, na ƙare ƙuruciyata a aikin dare, jikina bai taɓa yarda cewa na yi ritaya ba. A Legas hayaniyar maƙwabta takan tashe ni. A nan aka sa ni a hawa na biyu na sabon bene, ba zakara, ba mai talla, kiran salla ma sai iska ta ga dama. Sai in yi asuba in kwanta, ba na farkawa sai azahar. Maganin hawan jinina nakan sha shi duk sa'ad da na tuna.

Ranar da na fara zuwa wurinki jiri na ɗibata, ba ki fara da awo ba. Kika ce, "Baba, yaushe kake barci?" Na gaya miki. Kika ce, "Ashe kai ma jikinka bai amsa takardar canjin wurin aiki ba. Rabin mutanen garin nan haka suke." Na yi dariya, abin da na daɗe ban yi ba.

Kika bayyana mini cewa jiki yana da nasa agogon, hasken safe ne ke saita shi, kuma magani yana da lokacin da jiki ya fi karɓarsa. Ƙwayar da ke sa fitsari, wadda nake haɗiya bayan tuwon dare tana hana ni runtsawa, kika mayar da ita safe. Ba ki ɗaure ni da ƙarfe kaza ba. Kika ce wannan ta bayan asuba ce, waccan ta bayan isha, tunda kin san salla ba ta wuce ni.

Da azumi na yi wautar tsofaffi. Na tara ƙwayoyin yini duka na watsa a baki da kunun buɗa-baki, na tashi yin magariba na faɗi a kan darduma. Da Hafizu ya kai ni, kika dube ni kika ce, "Baba, magani ba bashin salla ba ne da za a rama shi a jere." Kika zauna kika raba mini su tsakanin sahur da shan ruwa.

Sai kuma kika umarce ni da zaman hantsi a ƙofar bene. Hanyarki ta zuwa aiki ta nan take, kina wucewa a mota ki rage gudu ki ɗaga mini hannu. In ba ki gan ni ba, aike zai zo. Saboda hannun nan nake wanka, nake sa hula. A haka barcina ya koma dare, na san fuskokin maƙwabtana.

Shekaranjiya na sake kwanciya bayan asuba, na farka rana ta take. Ƙwayar safe tana nan a kan faranti, gidan shiru, kuma ba wanda ya san ban sauko ba. Na ji tsoro, 'yata. Jiya na lallaba na sauka da sandata. Yau ma na sauka. Gobe ban sani ba, amma zan gwada.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta Malam Musaddiq, da 'yarsu Sumayya, da iyayenta a Zariya, waɗanda suka binne wadda suka sa ran ita za ta binne su. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Allah Ya jiƙanki, Amatullahi, Ya haskaka kabarinki, Ya sa barcinki ya zama hutu. Ni kuma idan tawa ta zo, Allah Ya sa ta same ni a farke, da kalmar shahada a bakina. Amin.

Alhaji Ɗangoggo Rimi
Wuse, Abuja