Lallen Inna da Tafkuna Uku

Warin tafkin farko ne yake tashinmu da safe a bazarar waccan shekarar, wari irin na ruwan gasarar da aka manta a bayan ɗaki. In iska ta juya, sai ƙamshin furen lalle ya biyo bayansa ya shigo ta taga. Ina kwance idona a rufe nakan iya gane inda iska ta dosa.

Muna zaune ne a gidajen malamai na wata makarantar kwana a gefen Gusau, ta hanyar Bunguɗu, inda Baba yake koyarwa. Maƙwabcinmu ma'aikacin lafiya ne, Kirista daga wajejen Minna, dogo mai magana a hankali. Kowa Malam Mai Tafki yake ce masa. Bincike aka ba shi izinin yi, ko ruwan wanka da wanke-wanken ɗalibai zai iya komawa abin amfani maimakon ya kwanta a kwata yana tara sauro. Ya sa aka haƙa tafkuna uku a jere a bayan gidajenmu, kowanne yana tsiyaya a na gaba. Na farko baƙi ne. Na biyu kore shar da gansakuka. Na uku kuwa kainuwa ce ta rufe shi, wadda ya ɗauko a duro daga wani kududdufi a gindin duwatsun Tsafe, kuma in ka ture ta da kara sai ka ga ruwa garau a ƙasa.

Daga na ukun nan lallen Inna yake sha. Dashe ne da ta ciro daga gidansu a Nahuce bayan rasuwar mahaifiyarta, ta kawo shi naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Famfo ba ya zuwa kullum, abin da ya zo kuma ko sha da girki bai isa ba. Da farko ta ƙi ruwan tafkin.

"Ruwan da ɗiyan mutane suka wanke ƙafa da shi, shi zan ba lallen da zan sa a hannun da nake salla?"

Baba ya ɗebo a kofin gilashi ya ɗaga mata a rana. Ta duba launinsa, ta sansana. Washegari na same ta tana yanka 'yar hanyar ruwa da fartanya.

In na dawo hutu, bakin tafki na biyu ne wurin zamana. Da rana tsaka ƙananan kumfa suna tasowa daga cikin koren, kamar ruwan yana magana a barcinsa. Mazari na sauka su tashi. Nakan ɗauka cewa ruwan yana manta abin da ya gani ne a hankali: sabulun wata, hawayen wata mai kewar gida, maiƙon tukunya, duk yana ajiye su tafki bayan tafki, har ya iso gindin lalle bai san komai ba.

Wata rana Malam Mai Tafki ya tsaya a bakin dangarmu ya ce manya za su zo daga Sakkwato, zai tafi ya taho da su. Mu duka muka ɗauka zuwan nan shi zai yanke ko a ci gaba da aikin ko a rufe.

A wurin Inna, baƙo ba ya tarar da wuri yadda yake. Ko ɗan'uwa ne zai zo daga ƙauye sai ta share tsakar gida ta yayyafa ruwa, ta juye randa ta kankare koren da ya kama cikinta. Ta je ta tsaya a kan tafkunan, hannu a ƙugu.

"Mutumin nan ya shayar da mu rani guda, mu bar shi ya ji kunya gaban manyansa?"

Ta yi gayyar matan gidajen. Mama, matar Malam Mai Tafki, ita ma ta fito da tsohon gidan sauro, tana cewa dama ta gaji da ganin ƙazantar nan, in ta yi magana sai ya ce mata ilimi ne. Aka yi ta dariya. Mata biyu suka riƙe gidan sauron ta gefe da gefe suna ja, wasu na kwasa da gwagwa da faifai. Aka tattare kainuwa aka jibge can bayan juji. Mama na rera waƙar cocinsu, Inna na tsokanarta wai muryarta za ta kori kwaɗi. Kafin la'asar tafkunan sun zama fili, gajimare na yawo a cikinsu. Ban taɓa ganinsu da kyau irin na ranar ba.

Kafin Malam Mai Tafki ya dawo ruwan ya fara sauyawa. Lakar da aka tayar ta ƙi kwanciya. Na biyu ya koma toka-toka, sannan warin na farko ya tsallaka har na uku.

Ya iso gaba da baƙin da ɗan lokaci. Ya zagaya tafkunan, ya tsuguna ya taɓa ruwan.

"Inna, wa ya yi wannan aikin?"

"Mu ne, Malam. Ba sai ka gode ba."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Koren nan da ganyen nan su ne leburorina. Su ke cinye dattin, su ba ruwan iska. Kun sallame su duka."

Inna ta ce, "To mi ya hana ka faɗa?"

"Ban san akwai wanda zai share tafki ba."

Baƙin suka zo, suka tsaya nesa, ɗaya da hankici a hanci. Ba su daɗe ba suka shige ofishin shugaban makaranta.

Da yamma Inna ta tone jujin da hannunta, ta tsinto kainuwar da ba ta gama bushewa ba ta mayar cikin ruwa. Wasu sun kama, koren ma ya soma dawowa. Amma kafin wata ya mutu aka sauya wa Malam Mai Tafki wurin aiki, motar kaya ta kwashe su. Babu wanda aka ɗora a kan tafkunan. Bututun ya toshe, aka mayar da ruwan makaranta tsohuwar kwatarsa. Inna ta koma ba lallen ruwan alwalarta da na wankin shinkafa, ni ma ina tara mata nawa. Lallen bai kai damina ba. Har ƙarshen rayuwarta, in zancen ya taso, cewa take da hannunta ta kori Malam Mai Tafki.

Na daɗe da zama malama, Inna kuma ta riga mu gidan gaskiya, sannan na haɗu da Mama a wani asibiti, kanta duk furfura. A wurinta na ji cewa baƙin nan ba don tafki suka zo ba. Shekarar aka raba jiharmu biyu, suna zagayawa ne suna tantance ma'aikatan da za su koma sabuwar jiha, ta wajen Minna. Sunan mijinta yana cikin masu tafiya tun kafin su baro Sakkwato.