Rantsuwar Jiddu a Bakin Karjaka

Jiya ƙofar maƙwabcinmu ta yi wani ƙugi irin na ƙarfen da ya daɗe bai ga mai ba, sai na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai a tsakar gida. Kukan karjakarmu ke nan sak. Idan ba a Gadarif ka tashi ba, karjaka ita ce famfon da ake tuƙawa da hannu, ka ɗaga ka danna, ruwa ya hau daga rijiya.

Gidanmu yana bakin kwari, can ƙarshen gari, kuma rijiyarmu ba ta ƙafewa ko da bazara, lokacin da baƙar ƙasar nan take tsagewa har ƙafar akuya ta faɗa. Kakata, wadda muke kira Habboba, ita ke jan guga tun kafin a haifi babana, har kafaɗunta suka fara ƙi. Shekarar da riɗi ya yi kyau, sai kakana, Jiddu, ya ɗauko usta mai haɗa famfo daga kasuwa. Ya ce wai don darajar gida ne. Mun dai bar shi a haka.

Usta ya zura bututu, ya rufe bakin rijiyar ruf da siminti, ya kafa karjaka a kai, shuɗiya mai dogon hannu. Da yamma ya gwada, ruwa ya zubo. Jiddu ya ce kada wanda ya sake taɓa ta. Gobe zai yanka rago ya yi karama, wato walimar godiya, kuma shi da kansa zai buɗe ta a gaban jama'a.

Ya kamata ka san Jiddu. Gajere ne, rawaninsa ya fi ƙarfin kansa, fushinsa kuma a kusa yake. A kasuwar hatsi ya koyo wata ɗabi'a wurin 'yan kasuwa: rantsuwa da saki. In baƙo ya ƙi ƙarin shayi, sai ya rantse da auren Habboba, dole baƙo ya sha. Ita kuwa har ta daina ɗaga kai.

Washegari da hantsi gida ya cika. Ƙamshin nama ya gauraye da na gahawa, liman yana kan tabarma, mu yara an kore mu mun dawo. Jiddu ya naɗe hannun jallabiya, ya yi bismilla, ya danna. Karjaka ta yi ƙugi. Ya sake dannawa, ta ja iska kamar tsoho mai asma. Gumi ya fara bin gemunsa, ko ɗigo babu.

Usta ya matso a hankali. "Ya Hajj, ruwan ya koma ƙasa, fatar ciki ta bushe. Sai an zuba mata ruwa kaɗan ta sama, ta sha, sannan ta ba ka."

Wani tsoho, abokin wasan Jiddu tun suna samari, ya kwashe da dariya. "Ya salam! Ashe bakin shan ruwa ka ƙaro mana a unguwa!"

Nan take Jiddu ya saki ƙarfen. "Ni zan shayar da abin da na kawo ya shayar da ni? Alayya talag bit-talata, ba wanda zai zuba mata ruwa!"

Rantsuwa da saki uku ke nan, da Larabci. Ko ni da nake yarinya na gane lissafin: in an zuba ruwa, Habboba ta saku, ba damar kome. In ba a zuba ba, ga rijiya a ƙarƙashin siminti, ga bazara. Na kalli Jiddu, na ga bakinsa a buɗe kamar yana neman hanyar mayar da maganar ciki.

Habboba ta miƙe. Ta shiga ɗaki, can ta fito da ƙunshin kaya a ka. Mata suka fara salati, innata ta fashe da kuka. Ta taka har gabansa ta sauke, ƙunshin ya kwance: jallabiyoyinsa ne, da buta, da takalmansa na Juma'a.

"Ni na san zurfin rijiyar nan da kafaɗata," in ji ta. "In fita za a yi, Malam, ga kayanka."

Ta bar shi tsaye har sai da ta ga ya nuna. Sannan ta juya wurin liman. "Ya Shehi, ana alwala da karkade?"

"A'a, Hajja."

"Don me?"

"Ai launi ya canza, ɗanɗano ya canza. Ya tashi daga sunan ruwa."

"To, kun dai ji da kunnenku."

Ta ɗauko bokitin karkaden, wato zoɓon da aka haɗa wa baƙi, da sukarinsa da komai, ta tuttula a bakin karjaka ta sama. Ta ce, "Danna." Jiddu ya danna kamar yaron da aka aika. Kukan ya sauya, hannun ya yi nauyi, sai ga wani jan abu ya feso masa a farar jallabiya. Wata tsohuwa ta kurma ihu wai rijiya ta yi jini. Bayansa ruwa ya biyo, fari tas, mai sanyi. Guɗa ta tashi. Baƙi ba su sha zoɓo ba ranar, tururuwa ce ta yi karama a gindin karjaka har mako ya zagayo.

Da yake rantsuwar tana nan, duk lokacin da fata ta bushe sai an jiƙa zoɓo, har usta ya gaji da labarinmu ya zo ya canza abin da ke riƙe ruwan. Jiddu bai ƙara rantsuwa da saki ba. Baƙi suka samu 'yancin ƙin shayi.

Yanzu injin hasken rana ne a kan rijiyar, yara su murɗa kan famfo su wuce, ba mai gumi, ba mai kallo. Jiddu da Habboba sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu. Na kan ji ma'auratan yau suna faɗa wa juna daɗaɗan kalmomi a waya, ba na kuma raina musu. Ni ban taɓa jin Jiddu ya faɗa wa Habboba ko ɗaya ba. Amma ina tsaye dab da shi lokacin da liman yake ba da amsa, na ga mutumin da duk unguwa ke shakka ya sake riƙe ƙarfen nan da hannu biyu, idonsa ƙur a kan Habboba kamar za a ƙwace masa ita.