Malam Ɗanlami Mai Hoto da Saƙon da Ban Kai Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan, ina tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, wani abokina ya kira ni ya ce Allah ya yi wa Malam Ɗanlami Mai Hoto rasuwa bayan sallar asuba. Na tambaye shi wane Ɗanlami, alhali na san babu wani sai shi.

Mun yi masa sallah a ƙofar gidansa da ke Dukawuya, mun raka shi makwancinsa. Yanzu na dawo.

Waɗanda suka san ni a wannan shafi sun san ba na yawan rubutu. Yau dai akwai maganar da ya zama wajibi in faɗa, domin nauyinta ya daɗe a kaina.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Ɗanlami dattijo ne mai ɗan shagon hoto a unguwarsu. Da wuya ka shiga tsohon gida a Dukawuya ko Kabuga ka rasa aikin hannunsa rataye a bango. Bai yi karatun boko mai nisa ba. Ni kuwa ina koyarwa a jami'a, amma a gabansa ɗalibi nake, kuma ba mai saurin ganewa ba.

Ranar da na sayi kyamarata ta farko, na yini a kan Dala ina ɗaukar rufin gidaje, na kawo masa fim ya wanke. Ashe tun farko ban ɗaura fim ɗin daidai ba, babu hoto ko ɗaya. Ya jira sai da mutanen da ke shagon suka fita. Sannan ya ce, "Dakta, yau kyamarar taka azumi ta yi."

Ya ɗauko sabon fim ya ɗaura a gabana a hankali, ya cire, ya ce in yi da kaina har sau uku.

Tun ban zama dakta ba yake kirana Dakta. Da na zama, ya ce to yanzu sai ya nemo wani sunan tsokanar.

Hoton mahaifiyata guda ɗaya ne a duniya, kuma shi ya ɗauka. Ba ta yarda da hoto. Ya zo ya durƙusa a bakin ɗakinta, suka yi ta hirar tsofaffin masu rini da duka suka sani, har ta ce da kanta, "To ɗauka mu gani."

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula muka haɗa 'yar ƙungiya ta masu sha'awar hoto, malaman makaranta da ma'aikata. Kafin nan, tafiya da kyamara a kan babbar hanya sai da dogon bayani a kowane shinge. Da abin ya sassauta, Malam ya ce zai kai mu wani wuri da ya sani tun yana saurayi, wani ƙauye a gindin duwatsu can kudancin jiha, inda ake noman shinkafa a jikin gangare.

Muka tashi daga Ƙofar Kabuga a bas ɗaya, muka kwana a hanya don mu riski hasken safe.

Kafin mu sauka ya juyo daga gaban mota ya kafa mana sharuɗɗa. Kada wanda ya ɗaga kyamara kafin ya gaida mai gona. Kada wanda ya hau datsin ƙasar da ke tare ruwa, sai inda ya ga mai gona ya taka. Kuma duk wanda ya ɗauki hoton mutum, idan an wanke, shi zai kai masa da hannunsa.

Ban taɓa ganin irin gonakin nan ba. Fangali a kan fangali, hawa-hawa kamar matakala, tun daga ƙirjin dutse har ƙasa, kowanne cike da ruwa, sararin sama yana kwance a ciki. Ƙorama ɗaya ce ke shayar da su duka, kowane manomi da ranarsa.

Ranar ta wani manomi ce mai suna Malam Iro. Ya gama dashe ke nan, ya cika fangalinsa.

Na gaishe shi, wannan kam na yi. Amma da hasken ya fara hawa, sai na ga inda nake tsaye bai ishe ni ba. Na ɗauki abin ɗora kyamarata mai ƙafa uku, na hau datsin, na kafa shi, na danna da ƙarfi don kada ya motsa.

Datsin ya ɓalle.

Ruwan da mutumin nan ya jira kwanaki kafin ya samu, ya kwarara zuwa gonar da ke ƙasa, ya tafi da dashen da bai riga ya kama ba.

 Na ga dai Malam Ɗanlami ya miƙa wa na kusa da shi kyamararsa, ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya faɗa cikin taɓo har gwiwa. Shi da Malam Iro suka yi ta cakumo laka da hannu suna toshewa. Wasu daga cikinmu suka bi su, suna tsinto dashen.

Ni kuwa na tsaya a wurin da takalmina sau ciki, riƙe da kyamara. Har yau ba ni da bayanin da zan bayar a kan wannan tsayuwa.

Da aka toshe, na ji Malam yana cewa, "Ka yi haƙuri, Malam Iro. Laifina ne, ni na kawo su."

Malam Iro ya goge goshi da bayan hannu, ya dube ni, ya dubi abin ɗora kyamarar, ya ce, "Shanuna masu ƙafa huɗu sun bi nan ba su fasa ba, sai mai ƙafa uku daga birni."

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Ya ƙara da cewa, "To Mai Ƙafa Uku, tunda ka fi kowa son gonar nan, ɗauke ni a cikinta. Amma daga nan inda kake."

Na ɗauka. Yana tsaye, laka har gwiwar hannu, yana dariya, fangalan suna sauka a bayansa. Ban taɓa ɗaukar hoton da ya kai wannan ba, kafinsa ko bayansa. Malam kuwa ya koma Kano ba tare da ya ɗauki ko ɗaya ba, domin hasken ya wuce yana cikin taɓo. Bai taɓa ambata min wannan ba.

Bayan wata guda aka shirya komawa don raba hotuna. Na ce ina da takardun jarrabawa da zan duba. Gaskiya ne akwai takardun, amma ba su ne suka hana ni ba. Ba zan iya haɗa ido da mutumin ba ne.

Na kai wa Malam hoton a cikin ambulan na roƙe shi ya kai min. Ya buɗe, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce ya yi kyau, ya mayar, ya miƙo min.

"Ni ba ni na ɗauka ba, Dakta."

Na mayar da shi durowa. Shekara ta bi shekara. Ƙungiyar ta watse, fim ya yi wuya, kowa ya koma ɗauka da waya, shagon Malam ya yi shiru. Amma duk sa'ad da muka haɗu, bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ya ce, "Yaya saƙon nan?" In ce ina nan tafe. Ya ce, "Allah ya kai mu." Bai taɓa wuce haka ba, bai kuma taɓa yin tambayar a gaban wani ba.

Ganinmu na ƙarshe mako uku ke nan. Na same shi a zaure kishingiɗe a kan tabarma, ya rame, idonsa ya yi rauni. Da muryata ya gane ni.

A ranar ne ya gaya min abin da ban sani ba. Ashe duk kaka yana zuwa ƙauyen nan, har bara da ƙafa ta hana shi. Malam Iro yana raye, ya tsufa, 'ya'yansa ke noma gonar.

"Kullum sai ya tambaye ka," in ji shi. "Yakan ce, ina Mai Ƙafa Uku, ko har yanzu yana wanke hoton ne? Na ce masa ai hoton dakta ne, sai an yi masa bincike."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Dakta, mutumin nan ya manta da ruwan tun a ranar. Kai ne ka riƙe shi. Idan an yi girbi mu tafi tare. Ni zan zauna a mota, kai ka hau."

Na ce, "In sha Allahu, Malam, bari in gama wannan semesta."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa.

A maƙabarta ɗazu na tambayi babban ɗansa ko an sanar da mutanen ƙauyen. Ya ce ba su da lambar kowa a can, mahaifinsu ba ya kira, zuwa yake yi. Na ce masa kada ya damu da neman wanda zai je.

Ranar Asabar, in Allah ya yarda, zan tashi da asuba. Ambulan ɗin yana gabana yanzu, gefensa ya yi ja. Da na kai shi a lokacinsa, da hoto kaɗai zan miƙa in nemi afuwa. Yanzu sai na zauna a gaban tsohon nan in gaya masa cewa abokinsa ba zai sake zuwa ba. Ban san da wanne zan fara ba.

Ya Allah, bawanka Ɗanlami ya rufa min asiri a gaban mutane, ya ɗauki laifin da ba nasa ba, ya yi haƙuri da ni tsawon shekaru. Ka rufa masa asiri ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka ba iyalansa haƙurin wannan rashi.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ya san shi ko bai san shi ba, ina roƙonsa ya ambaci Malam Ɗanlami a sujadarsa ta yau. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya sa in tarar da Malam Iro da rai.