Murdena da Malafar Mawaƙi

A shagon aski na garinmu har yau akwai masu rantsuwa cewa Murdena Gillis ta fizge wa wani mawaƙi fatar kai da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma tana riƙe da butar shayi ko ɗigo bai zuba ba. Wasu suka ƙara da cewa fatar tana nan a firjin zauren tsofaffin sojoji, kusa da man shanu. Ƙarya ce tsagwaronta. Ba jini, ba fata, mutumin yana can Toronto da ransa da lafiyarsa. Butar shayin dai gaskiya ce.

Murdena 'yar gwaggona ce, kuma duk tsibirin Cape Breton ba a taɓa haifar mai zargi kamarta ba. An ce ranar da ta zo duniya sai da ta ƙare wa ungozoma kallo sama da ƙasa kafin ta yarda ta yi kuka. Ta yi aiki a kamfanin gyaran kifi har ya rufe, kuma har gobe tana cewa ba kifi ne ya ƙare a teku ba, wani ne ya san inda ya kai shi. Bayan rasuwar mijinta ta koma tsaron ƙofa da kicin na zauren tsofaffin sojoji. Madarar da aka buɗe a gabanta sai ta shinshina. Idan watan Nuwamba ya kama kowa ya maƙala jan furen tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi a ƙirji, daga nesa take gane wanda ya tono na bara daga aljihun mota don kada ya saka komai a akwatin taimako. Fadan cocinmu kansa ta taɓa kamawa.

Abu ɗaya ne a duniya ba ta taɓa zarginsa ba, hoton babanta. Hector Gillis ya tafi yaƙi Italiya tana cikin uwarta, bai dawo ba. Hotonsa guda ne ya rage, shi ne rataye a saman ƙofar shiga babban ɗakin zauren, yaro ne fes, sumarsa baƙa ƙirin ta leƙo ta gefen kunne. Dokar zaure kuwa kowa ya san ta: ba mai shiga da hula a ka, saboda girmama waɗanda ba su dawo ba. Wanda ya manta, tararsa ya saya wa duk mutanen ɗakin abin sha. Wasu zauruka sun fara sakaci da dokar. A namu Murdena ce dokar. Ko iska ce ta shigo da hula sai ta tsayar da ita.

A shekarar da nake ba da labari motar zaure ta mutu murus, motar da take kai tsofaffi asibiti a Sydney, babban garin tsibirin. Sanyi ya matso, tsofaffi suna fasa ganin likita. Alton Boutilier, shugaban zaure, mutum mai tumbi da saurin murna, ya zo da albishir: 'yan kiɗan rok da ake kira Karnukan Ƙarfe za su yi wasa ranar tunawa da yamma, kyauta, duk abin da aka samu a ƙofa na sabuwar mota ne.

"Kyauta?" in ji Murdena. "Mutum ya taso daga Toronto, ya ƙona mai, ya ce kyauta? Me suka gani a zauren nan?"

"Haba Murdena, uwar mai gangarsu 'yar ƙauyen gaba ce."

"Na san uwar. Shi ya sa nake tambaya."

Daga ranar ta fara shiri. Ta kwashe cokulan azurfan zaure ta kai gida. Lambobin yabon da ke cikin gilas ta ƙara musu kwaɗo. Ta tsaya gaban takardar tallar da aka manna a kanti ta daɗe tana kallon jagoransu, Rory Vance, mai baƙar malafar kaboyi da gashi zube har kafaɗa. Ta nemi wasu hotunan a wayar jikar maƙwabta. A kan dandamali malafa, a bakin teku malafa, a gadon asibiti da karyayyiyar ƙafa malafa. Ta mayar da wayar ta ce, "Akwai abin da yaron nan yake ɓoyewa a ciki. Ko tabar wiwi ce ko abin da ya fi ta."

Ranar ta zo da ruwan sama mai sanyin ƙanƙara. Da safe aka taru gaban dutsen da aka rubuta sunayen matattu, aka busa begila, aka yi shiru, aka ajiye furanni. Da aka watse kowa ya nufi zaure, har da matasan da rabonsu da wurin tun bikin wani. Mutum ya cika maƙil. Murdena ta yanka burodi mai ƙwai a tsakiya da zai ciyar da bataliya, ta dafa shayin da cokali zai tsaya a cikinsa.

Sai ga bas ɗin mawaƙa. Suka yi ta sauke lasifikoki, kowanne ya kai akwatin gawa, ita kuwa tana leƙa bayan kowanne. Mai ganga ya cire hularsa tun daga waje, alamar uwarsa ta ja masa kunne. Sauran suka bi. Rory ya zo ƙarshe yana ƙamshin turare, ya sakar mata murmushi zai wuce. Ta sa hannu ta tokare ƙofa.

"Hula."

"Mama, ai wannan ba hula ba ce, kayan aiki ce."

"Ni ma wannan ƙofar kayan aikina ce. Cire."

"Ko a gaban gwamna da ita na yi wasa."

"To koma wajen gwamna."

Alton ya rugo yana haki, gumi na keto masa duk da sanyin. "Murdena, don Allah ki rufa mana asiri. A ci shi tara mana, ya saya wa kowa abin sha, shi ke nan."

"Tara ta wanda ya manta ce. Wannan bai manta ba, ƙi ya yi."

"Idan ya juya fa? Ki dubi ɗakin nan. Mu mayar wa mutane kuɗinsu? Da me za a kai Angus wankin ƙoda, a bayanki?"

Nan fa maganar ta soke ta. Angus tsoho ne da ya yi yaƙi tare da babanta, shi kaɗai ya rage da ya taɓa jin muryar Hector. Yana can layin gaba a keken guragu. Murdena ta dube shi, ta ɗaga kai ta dubi hoton. Ba ta janye hannun ba. Rory kuwa har ya ce wa yaransa su dakata da sauke kaya.

"Kai," ta ce masa, "biyo ni kicin. Ba ta ƙarƙashin hoton za ka bi ba, zagaya ta baya."

Abin da ya faru a kicin na ji shi ne ta tagar miƙa abinci, domin ni mutum ne mai son taimakawa da kwanuka a irin wannan lokaci. Ta ɗauki butar shayi, ta tsaya tsakaninsa da ƙofa.

"Fito da ita. Ba zan kira 'yan sanda ba, a murhu zan zuba."

"Da me zan fito?"

"Abin da ke cikin malafar."

Ya waiga ƙofa. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Mama, ba komai a ciki. Matsalar ke nan. Gashin a jikin malafar aka ɗinke shi."

Kun san Murdena. Da ya ce wiwi ce da ta yarda nan take. Wannan kuwa sai ta ga rainin hankali ne. Ta kai hannu ta ɗaga malafar, gashi ya biyo ta gaba ɗaya, zarar-zarar kamar jelar doki. Ƙasa kuwa sanƙo ne tal, yana ƙyalli har fitilar kicin tana ganin fuskarta. Duk da haka sai da ta juya malafar, ta laluba cikinta, ta shinshina.

"Tun ina saurayi ya zube," in ji shi. "Ba wanda ya sani sai mai ɗinkin da uwata. Matasan can duk da wayoyi suka zo. Kafin in kai baiti na biyu duniya ta gani. Na gama yawo."

Ta ajiye butar. Na zaci tausayi zai kama ta, har na fara jin kunya a madadinta.

"Ka ga wanda ke saman ƙofar can? Babana ne. Da sumarsa cif aka binne shi. Bai samu ya yi sanƙo ba. Duk waɗanda sunayensu ke kan dutsen can ba wanda ya samu. Kai ka samu, kana ɓoyewa kamar kayan sata. Ni ba zan tilasta ka ba. Ga malafarka, ga ƙofar baya, bas ɗinka na waje. Amma ta gaba, da kai tsirara ake bi."

Ya daɗe yana kallon malafar. Daga ɗaki ana jin matasa suna buga ƙafa suna kiran sunansa. Sai ya miƙa mata ita.

"Ki ajiye mini. Kada ta jiƙe."

Ta kife ta da babbar tukunyar miya, ta ɗora dutsen guga a kai, wai ko za ta motsa.

Ya fita ta baya cikin ruwan sama, ya zagayo ya shigo ta ƙarƙashin hoton Hector. Ɗaki ya yi tsit, shirun da ya fi na safe. Wata yarinya ta saki ƙara. Wayoyi suka tashi sama. Ya hau dandamali, ya tsaya, ya dubi layin gaba: tsofaffin sojoji jere da lambobinsu, kowane kai kamar ƙwan jimina. Angus ya ɗaga hannu daga kekensa ya ce da ƙarfi, "Sannu da zuwa, ɗana! Wace bataliya?"

Dariya ta fashe har tagogi suka girgiza. Rory ya shafa kansa, ya ɗauki jita, suka saki kiɗan da ya sa kifayen bakin gaɓa ƙaura. Tsofaffi suka zare abin jin maganarsu daga kunne suka sa a aljihu, suna ta gyaɗa kai cikin kwanciyar hankali. Murdena kuwa tana bakin ƙofa, ido ɗaya kan gilas ɗin lambobi, ɗaya kan mai ganga.

Kafin ƙanƙara ta rufe hanya an sayi mota, Angus ne ya fara shiga. Rory bai sake sa gashin ba, an ce ma 'yan mata sun ƙaru. Murdena ta ce ita dai ba ta yarda ba, wataƙila tun farko ya shirya abin don ya yi suna da ƙofarta.

Kwanan baya na je zaure, na cire hulata a ƙofa kamar mutumin kirki, na ce mata, "Murdena, ke fa kin ga abin da 'yan matan Toronto suka shekara suna mafarki. Ashe har kicin kike jan samari ki tuɓe su? Yaushe za mu sha biki?"

Ba ta ko ɗago daga yankan burodin ba.

"Shi da na ɗaga tasa na tarar da kai a ƙasa. Kai tun kana yaro kake cire taka a ƙofar nan, har yau ban ga abin da take rufewa ba."